Kuɗin Fentin Tsohuwar Land Rover

'Yan'uwa, ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Bichi da Dambatta suna tambaya ko ya kamata a sake wa motar ƙungiya fenti. Ga abin da muke gani.

Tun 1948 da aka fara ƙera Land Rover a Ingila, da alminiyam ake yin jikinta. Alminiyam ba ya tsatsa. Amma ƙarfen da ke ɗauke da motar daga ƙasa, da bangon da ke tsakanin inji da direba, suna yi. An daina ƙera irin wannan tsohon samfuri a 2016, saboda haka wadda muke da ita sai mu riƙe ta da kyau.

Yawancin kuɗin yana tafiya wajen aikin hannu: kankare tsohon fenti, da gugar jiki, da walda. Guga dai 'yan ƙungiya suna iya yi da gayya a lokacin rani. Kada a bar mai fenti ya tsallake shafin farko na musamman, gama in babu shi fenti ba ya kama alminiyam, sai ya ɓare. Kada kuma a canza launi, domin sai an shafa har ciki, ga shi launin yana rubuce a takardun mota. A jira ƙurar hunturu ta kwanta kafin a fesa.

In kuɗin ba zai kai ba tare da taɓa na taki ba, a wanke ƙarƙashin motar, a kankare tsatsa, a shafa wa ƙarfen fenti da buroshi. Jikin yana iya jira sai bayan kaka.