Kafin Ka Ce a Kawo Maka Abincin Sin a Jos

Duk wanda ya bi hanyar Rayfield ko ta Bukuru da yamma, ya leƙa otal-otal da gidajen abincin da ke gefen birnin Jos, zai tarar da sashen abincin Sin a takardar da ake miƙo masa. Kusan ko'ina jerin iri ɗaya ne: soyayyar shinkafa da ƙwai da karas, taliya da kabeji, naman shanu da aka yanka siri-siri, kaza a miya mai zaƙi da tsami, sai miyar masara. Mutum ya ci sau biyu ko uku, sai ya ɗauka ya gama sanin girkin Sinawa. Alhali ƙasar da ke da mutane sama da biliyan 1.4 ba ta cin abu ɗaya. Su kansu Sinawa suna lissafa manyan salon girki guda 8, kowanne da lardinsa, kuma wannan lissafi bai haɗa da girkin Musulmin arewa maso yammacin ƙasar ba.

Abin da muke ci a nan jikan girkin lardin Guangdong ne, wato kudu, yankin Guangzhou da Hong Kong. Mutanen wannan yanki ne suka fi yin ƙaura zuwa ƙasashen duniya tun ƙarni na 19, don haka girkinsu ya zama fuskar Sin a waje. Arewacin Najeriya ma ta Hong Kong ta fara sanin Sinawa, lokacin da masu masaƙu da masana'antu suka zo Kaduna da Kano a shekarun 1960, tun kafin ƙasashen biyu su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971. Asalin girkin Guangdong ba ya son yaji. Kifi ake turarawa da citta da lawashi, a bar ɗanɗanonsa ya fito. Da ya iso wurinmu sai muka zuba masa attarugu da kori, har ya koma wani abu dabam. Ban ga laifin hakan ba, yana da daɗi, amma a san cewa ɗan gida ne ya sa rigar baƙo.

Mai son yaji na gaske lardin Sichuan zai tambaya, wanda babban birninsa Chengdu ya samu shaidar UNESCO ta birnin girki a 2010. Suna haɗa busasshen barkono da wani ɗan ƙwaya mai sa leɓe da harshe su yi zirr kamar sun yi barci. Wanda bai taɓa ci ba yakan tsorata, ya zaci wani abu aka sa masa. Shahararren abincinsu, mapo tofu, ba komai ba ne illa awara mai laushi a cikin jan mai da niƙaƙƙen nama. Awarar da yara ke saye da yaji a Unguwar Rogo da Gangare, Sinawa sun yi fiye da shekara 1,000 suna yin ta. Lardin Hunan kuma ɗanyen barkono yake so, zafinsa tsagwaro. Can arewa, inda alkama ta fi shinkafa, taliya da turararren burodi ne abincin yau da kullum.

Ga inda Musulmi ya kamata ya buɗe ido. Sinawa ke cin kusan rabin naman aladen duniya, kuma a al'adar girkinsu idan aka rubuta nama kawai ba a faɗi na wace dabba ba, to alade ake nufi. Sannan akwai giyar shinkafa ta Shaoxing da ake ɗan zubawa a kasko ko a jiƙa nama da ita, ko da kaza ce ko kifi. A wasu girke-girken da man alade ake soya ganye. Yawancin gidajen abincin Najeriya sun san abokan cinikinsu, sun sauya waɗannan, amma a gari irin Jos da kowa da kowa ke zaune, tambaya ba ta zama rashin kunya. Cewa "babu alade a ciki" bai wadatar ba. A ce wa mai kawo abincin: "Don Allah ɗan'uwa, tambayo mini kuku, da wane mai yake suya, yana sa giya, kuma kaskon ɗaya ne da na alade?" In ya dawo yana kame-kame, a nemi wani abu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne girkin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ba a cika kawo mana ba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun san shi, don a unguwar Xiaobei gidajen abincin Musulmi 'yan ƙabilar Hui da Uygur suke shiga. Akwai taliyar Lanzhou, wadda kuku ke jan ƙullun da hannu a gabanka, ya ninka ya sake ja har ta zama zare, ya tsoma a romon naman shanu. Akwai tsiren rago na Xinjiang. Akwai kuma dapanji, kaza da dankalin Turawa da tattasai a babban faranti, a zuba faffaɗar taliya a romon. A gidajen Musulmin nan duk babu alade, babu giya.

Kayan haɗin kuwa a ƙofar gida suke. Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta ke ba da kabeji da karas da koren wake da latas waɗanda ake lodinsu daga kasuwar Farin Gada zuwa sauran jihohi, ga dankalin Bokkos da Mangu. Girkin Sin kuma ganye sabo yake nema: wuta mai ƙarfi, kasko mai zurfi, minti biyu ko uku a sauke, kabejin na ƙaras-ƙaras a baki. Sinawa na yanka dankali kamar ashana, su wanke shi sosai, su soya sama-sama da barkono da ɗan tsami. Mu da ke noma shi mun tsaya a kan soyawa da fate. Saboda haka idan aka kawo maka kabeji ya yi laushi ya saki ruwa a Jos, laifin ba na manomi ba ne.

Saura yadda ake ci. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya sayi farantinsa na shinkafa ya sa a gaba. Sinawa a tsakiyar tebur suke jera komai, kowa da 'yar tasar farar shinkafa, a riƙa ɗiba. In ku huɗu ne, ku nemi kala huɗu: nama, kifi ko awara, ganye, da miya. Kuɗin yakan zo da sauƙi, kuma kowa ya ɗanɗana komai. Wanda sandunan nan biyu da Sinawa ke cin abinci da su suka gagara ya nemi cokali, babu mai yi masa dariya. In kuwa da Basine kuke zaune, kada ka soke su tsaye a cikin shinkafa, domin haka suke kafa turaren mamaci.