Wasan ƙorai uku: yadda ake gane saurayin kirki tun a wajen zance

Zance ba laifi ba ne. Ita ce hanyar aure tun kaka da kakanni. Amma maganar tana da nauyi, yara ba sa iya yin ta a gaban manya. Shi ya sa yana da kyau a biyo ta hanyar wasa a cikin aji.

Ga yadda ake yi. Malama ta ajiye ƙorai uku a ƙasa. Ta farko sunanta alheri, ta biyu hattara, ta uku haɗari. Kowa ya riƙe tsakuwa. Sai malama ta ba da gajeren labari, kowa ya jefa tsakuwarsa inda ya ga ya dace.

Saurayi ya zo zance ƙofar gida da sanin iyaye. Wannan ba gardama, alheri ne. Wani ya mari budurwarsa don ta gaida ɗan makwabta. Haɗari ne.

To, ga inda ake kai ruwa rana. Saurayi ya ba yarinya toshin jika biyar, sannan ya ce ta same shi ɗakin abokinsa bayan isha'i. Wani kuma kullum sai ya karɓi salularta ya duba wanda ya kira ta. A nan tsakuwa takan rabu, don wasu za su ce ai so ne ya kawo kishi. Kada malama ta yi saurin yanke hukunci. Ta tambayi kowa dalilinsa. A ganinmu wannan muhawara ita ce karatun: a nan yarinya take ji daga bakin tsararta cewa kyauta ba bashi ba ce.

A sa labarin awon jini kafin aure. Awo yana nuna ciwon sida da kuma emasi, wato sikila. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da ciwon.

Kada a ce yaran sun yi ƙanana. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 a Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18.

Samari ma su yi wasan, a nasu rukuni. Ba a kama sunan kowa, ba a yi wa kowa dariya. Idan an tashi, yarinyar da ta tsaya baya tana jan ƙafa, malama ta saurare ta ita kaɗai. In da bukata, ta raka ta gidan likita.