Ɓera mai jego tsakanin ƴaƴanta da hodar iblis

A jami'ar Rutgers da ke birnin Newark na ƙasar Amurka, an daɗe ana nazarin renon da macen ɓera take yi ma ƴaƴanta. A shekara ta 2001, masanan wurin, cikinsu har da Joan Morrell da Jay Rosenblatt, suka bayyana sakamakon wani gwaji da ya shafi tambaya guda: tsakanin ƴaƴa da hodar iblis, wato koken, wanne ya fi jan hankalin mai jego?

Da yake ɓera ba ta magana, sai aka tambayi ƙafarta. An tanadi akwati mai ɗaki uku, biyu na gefe kowane da kamanninsa daban, ɗaya a tsakiya. Kwanaki kaɗan a jere, a ɗakin farko akan haɗa ta da jinjirai, a na biyu kuma akan saka ta bayan an yi mata allurar koken. Ranar gwaji aka buɗe ƙofofi, babu ƴaƴa, babu allura, aka zuba ido ana lissafin inda ta fi daɗewa. Inda ta zauna, nan zuciyarta take.

Waɗanda aka gwada a kwana na 8 bayan haihuwa, galibinsu ɗakin ƴaƴa suka nufa. A kwana na 10 kan iyayen ya rabu, wasu nan wasu can. A kwana na 16 kuwa, mafi yawa ɗakin koken suka zaɓa.

Mai karatu kada ya yi saurin zargin uwar. Ɗan ɓera yana zuwa duniya makaho, tsirara, ba ya iya ɗumama jikinsa, in uwa ta yi nisa sanyi ya kashe shi. Kamin ya cika mako biyu gashi ya rufe shi, sa'an nan ido ya buɗe, ya soma ɗanɗana abinci, a wajen kwana 21 a yaye shi. Ƙwazon uwa yana tafiya da wannan bukata, yana hawa tare da ita, yana sauka tare da ita. Ƙwayar tana nan da ƙarfinta tun farko. Abin da ke gogayya da ita ne ya ja baya.

Dalilin gogayyar kuwa shi ne hanyarsu ɗaya a cikin ƙwaƙwalwa, hanyar wani sinadari da ake kira dopamin, mai sa dabba ta ƙwallafa rai ga abu ta yi ta nemansa. A 2005, Craig Ferris da abokan aikinsa a jihar Masacusets suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ɓeraye da na'urar maganaɗisu, suka ga shan nono yana kunna wannan hanya ga masu jego kamar yadda koken yake kunna ta ga waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Tramol da ya addabi samari a Maraɗi da Damagaram danginsa daban ne, amma shi ma yana taɓa wannan hanya.

Akwai kuma wani ɗan gurbi a gindin ƙwaƙwalwa, gaba da wurin da jijiyoyin gani suke gittawa, wanda shi ne jigon reno. A 2010, Mariana Pereira da Morrell suka sandarar da shi na ɗan lokaci da maganin kashe zafi, sai masu sabon jego suka bar ɗakin ƴaƴa suka koma na koken. A ganinmu wannan shi ne gwajin da ya fi nauyi, sabili da ya nuna ƙaunar uwa aiki ne na jiki, wanda ake iya raunanawa.

To amma ɓera ba mace ba ce. Ba ta da kishiya, ba ta biyan kuɗin haya, kuma waɗannan ɓeraye allura kaɗan aka yi masu, ba su kai matsayin wanda ƙwaya ta kama ba. Duk da haka abin da likitoci suka gani ga mata bai yi nisa da wannan ba. A 2015, Ariadna Forray ta jami'ar Yale ta bayyana binciken da aka bi mata 152 masu shan taba, giya, wiwi ko koken. Kashi 83 bisa ɗari sun bar aƙalla abu guda lokacin da suke da ciki, amma bayan haihuwa kashi 80 bisa ɗari na waɗanda suka bari sun koma ga aƙalla ɗaya. Cikin wata uku na farko, masu taba kashi 58 bisa ɗari suka koma, masu koken kuwa kashi 27.