Kwali da man basilin: yadda ƴan kwalej za su auna iskar unguwarsu

Da zarar hunturu ya kama, hazo kan rufe garuruwa daga Injamena har Garwa da Zinder. Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. A kan wannan sai a ƙara hayaƙin babura da na itacen girki da na bolar da ake cinna wa wuta da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska na kashe mutum kusan miliyan 7 a kowace shekara. Yaro ɗan aji na biyu a kwalej zai iya haddace wannan adadi ya rubuta a jarrabawa, alhali bai taɓa danganta shi da tarin ƙanwarsa ba.

Aikin rukuni yana cike wannan giɓi, kuma ba ya cin kuɗi. Malam ya raba aji gida-gida, mutum biyar ko shida. Kowane rukuni ya yanka farin kwali, ya zana murabba'i mai santimita 5 a tsakiya, ya shafa man basilin kaɗan. Sai a rataye kwalayen a wurare dabam-dabam: kusa da murhu, bakin tasha, farfajiyar makaranta, ɗakin kwana. Bayan kwana uku a tattaro su, a ƙirga ɗigon da ya manne da gilashin ƙara girma.

Akwai kwali ɗaya da malamai kan manta da shi, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci: wanda za a shafa wa mai a rufe a cikin kwano. Shi ne ma'auni. In babu shi, ɗalibi ba shi da hujjar cewa daga iska dattin ya zo, ba daga hannunsa ba. Haka kuma dole tsayin ratayewa da yawan kwanaki su zama ɗaya ga kowa, in ba haka ba kwatancin ya ɓaci.

A faɗa wa yara iyakar gwajin. Kwalin manyan ƙwayoyi kawai yake nunawa. Waɗanda suka fi illa, da ake kira PM2.5, sun fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30, ido ba ya ganinsu, suna ratsawa har can cikin huhu su shiga jini. Kwali ya fito fes ba ya nufin iskar lafiya lau take. Iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kisa, kuma lokacin sanyi ne ake shigar da kaskon wuta ɗaki.

Ga ƴaƴanmu da ke karatu da Faransanci akwai wata riba. Rukuni guda zai iya zagaya gidaje goma ya tambayi iyaye mata da Hausa: da me ake girki, a ɗaki ko a tsakar gida, wa ya fi yawan tari? Sai su kawo sakamakon aji da Faransanci. Malam dai ya lura kada mai baki ya ƙwace aikin. A ba kowa nasa, wannan ƙirga, wancan zane, wata kuma bayani a gaban allo.