Otal ɗin Theresa, Masaukin Baƙar Fata a Harlem

A zamanin da wariyar launin fata take ganiyarta a Amurka, ba abin mamaki ba ne makaɗi baƙar fata ya shiga ƙasaitaccen otal na Turawa ta ƙofar baya, ya busa ƙaho har tsakar dare, ma'abota shagali su yi ta tafi, sa'an nan, bayan taro ya watse, a shaida masa cewa ba shi da makwanci a gidan da shi ne ya cika shi da baƙi. A jihohin kudu doka ce ta wajabta haka. A arewa kuwa al'adar masu otal ce kurum, amma ƙuncinta ga matafiyi duk ɗaya ne. Wannan larura ce ta sa wani ma'aikacin gidan waya, Victor Green, ya soma wallafa ɗan littafi a 1936, wanda yake bayyana wa baƙaƙe inda za su sauka ba tare da wulakanci ba.

Ko a unguwar Harlem ta birnin New York, wadda ita ce cibiyar baƙaƙen, al'amarin bai rasa ban takaici ba. Gidan rawa na Cotton Club, inda Duke Ellington ya shahara da kiɗan jaz tun daga 1927, makaɗansa baƙaƙe ne, 'yan kallo kuwa Turawa zalla. Otal ɗin Theresa ma, bene mai hawa 13 da aka buɗe a 1913 a kan titi na 125, ya yi shekara 27 yana mayar da mutanen unguwar daga bakin ƙofa, kuma bai karɓe su ba sai a 1940, lokacin da Turawa suka ƙaurace wa Harlem, ciniki ya ja baya. Alal haƙiƙa maslahar aljihu ce ta buɗe ƙofar, ba tuba ba.

Daga nan fa gidan ya zama zauren manya. Makaɗi Louis Armstrong da mawaƙiya Lena Horne sun sauka a cikinsa, makaɗan da suke wasa a gidan wasa na Apollo, nan kusa, su ma can suke komawa, kuma duk daren da ɗan dambe Joe Louis ya kayar da abokin karawarsa, sai jama'a su yi cincirindo a ƙofar otal ɗin, titi ya toshe, ana dakon ya leƙo.

A watan Satumba na 1960, da Fidel Castro na Cuba ya zo taron Majalisar Ɗinkin Duniya, ya saɓa da wani otal na tsakiyar gari, sai ya kwashe tawagarsa ya tare a Theresa, inda Malcolm X, mai fafutikar 'yancin baƙaƙe, ya gana da shi, Khrushchev na Rasha da Nasir na Masar da Nehru na Indiya kuma suka tako har Harlem domin ziyararsa. A nan ne kuma Malcolm X ya kafa ofishin ƙungiyarsa a 1964, shekarar da ya sauke farali.

A wannan shekarar aka zartar da dokar da ta haramta wariya a masaukai a faɗin ƙasar. Da ma baƙaƙe masu hali sun soma sauka a manyan otal-otal na tsakiyar gari, ginin kuma ya tsufa babu gyara; Theresa ya rufe a 1967, daga bisani aka mayar da ɗakunansa ofisoshi.