Agadas: Garin da ake koyon haƙura da wanda ya tafi

Duk mako, ayarin motoci ƙirar Hilux kan bar Agadas zuwa Dirku, daga nan a nausa Libiya. Fasinjoji na cunkushe a baya, ƙafafu na reto, kowa da jarkar ruwansa. Kusan kowannensu ya baro wani a gida: matar aure, budurwar da aka kai kuɗin gaisuwarta, ko abokin da ya ranta masa kuɗin mota.

Wasu kan isa, wasu hamada ta cinye su, wasu kuma a koro su. Waɗanda Aljeriya ta koro, akan sauke su a kan iyaka, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka, kafin hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta kwaso su zuwa cibiyoyinta na Arlit da Agadas.

Wanda ya dawo hannu wofi bayan shekaru yakan tarar gida ya canja. Budurwa ta yi aure har da goyo, tsoho ya rasu ba a gana ba, bashi kuma yana nan. Kunyar wannan ce ke sa wasu su maƙale a Agadas suna ƴan buge-buge, suna jiran ranar da za su sake gwada sa'a.

Matan da aka bari su ma suna da nasu jiran. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara. Waɗannan an san makomarsu. Da yawa kuwa wayarsu ce kawai take daina shiga, shi ke nan.

Mazhabar Malikiyya, wadda akasarin ƴan Nijar ke bi, ta yi wa irin wannan jira iyaka. Matar da mijinta ya ɓace takan kai magana gaban alƙali. Idan an bincika ba a samu labarinsa ba, sai a ɗibar mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, daga nan tana iya yin wani auren. Idan kuma babu abin ciyar da ita, tana da damar neman a raba auren tun kafin wa'adin. Wato shari'a ba ta ɗora wa mace ta tsufa a bakin ƙofa ba.

Direbobin hamada ma sun ɗanɗana tasu. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta sa an ƙwace motoci, an ɗaure mutane, sana'ar da ta ciyar da gidaje da dama ta koma laifi. Gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, amma babu wanda ya maido wa kowa shekarun da ya yi a kurkuku.

Hausawa na cewa da-na-sani ƙeya ce. Wani bincike da masana halayyar ɗan Adam Thomas Gilovich da Victoria Medvec suka wallafa a Amurka a 1995 ya nuna cewa kuskuren da mutum ya aikata yana yi masa zafi a kusa, amma idan shekaru suka ja, abin da ya kasa yi shi ya fi cin rai: gafarar da bai nema ba, wayar da bai buga ba. Ga ɗan ci-ranin da ke ɓoye wa gida halin da yake ciki, wannan na nufin shirun da yake yi yau zai fi dawowa hannu wofi yi masa ciwo nan gaba.

Agadas ta taɓa gwada yafiya a bainar jama'a. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen Abzinawa, an taru a garin ranar 25 ga Satumban 2000 aka cinna wa tarin bindigogi wuta. Waɗanda suka rasa ƴan'uwa ba su manta ba, sun dai yarda a rufe babin.

Da yawa daga cikin samarin da suka ajiye makamai a lokacin yanzu sun yi furfura, wasu har da jikoki. Matasan da ke zaune a tashoshin garin suna juya tsohuwar lambar waya a zuci, da waɗannan dattawa suke haɗa sahu a babban masallacin Agadas.