Sauri, Shan Wuta da Farashi: Yadda Ake Auna Furosesar Kwamfutar Tebur

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma an daɗe ana auna ta da ma'auni guda, wato yawan gigahaz. Wannan ma'auni ya fara rasa ƙima tun 2004, lokacin da kamfanin Intel ya soke shirinsa na fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, saboda zafin da take fitarwa ya wuce kima. Daga nan masana'antu suka karkata ga ƙara yawan cibiyoyin sarrafawa a cikin furosesa ɗaya.

Dalilin wannan cikas yana cikin ilimin lantarki. Wutar da furosesa ke sha tana ƙaruwa daidai da saurinta, amma game da ƙarfin bolt ninkin-ba-ninki take yi: idan aka ninka bolt sau biyu, shan wuta zai ninku sau huɗu. Da yake ƙarin sauri yakan buƙaci ƙarin bolt, ɗan saurin ƙarshe da ake matsowa daga furosesa shi ne mafi tsada. Kusan duk wutar da ta sha kuma zafi take komawa.

Furosesoshi uku na zamani ɗaya sun isa misali. Core i9-13900K na Intel, wanda ya fito a 2022, yana da cibiyoyi 24, takwas manya da ƙanana 16. An rubuta masa wat 125, amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa yana iya kai wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Ryzen 9 7950X na AMD, mai cibiyoyi 16, an rubuta masa wat 170, alhali iyakarsa 230 ce. Saboda haka lambar da ake kira TDP jagora ce wajen zaɓen na'urar sanyaya, ba shaidar abin da mita za ta ƙirga ba, kuma kamfanonin biyu ba hanya ɗaya suke bi wajen lissafa ta ba.

Na ukun, Ryzen 7 7800X3D na 2023, shi ne ya rikita lissafi. Cibiyoyinsa takwas ne kacal, amma an ɗora masa ma'ajiyar kusa mai megabait 96, wadda ke rage yawan zuwa neman bayanai a RAM. A wasannin kwamfuta ya yi kafaɗa da kafaɗa da waɗancan biyun, sau da yawa ma ya wuce su, da wutar da ta yi ƙasa da tasu sosai. An fitar da shi kan dala 449, yayin da 7950X ya fito kan dala 699. To amma wajen haɗa bidiyo ko lissafin kimiyya mai amfani da dukkan cibiyoyi, sun bar shi a baya nesa. Tambayar wanne ya fi sauri ba ta da amsa sai an faɗi aikin da za a yi.

Matsa wa furosesa lamba yana da wata illar. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman bolt fiye da kima, abin da ke lalata su sannu a hankali. Ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Gyaran yana hana ɓarna nan gaba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace, abin lura ga mai sayen na hannu.

Farashin furosesa kuma ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Mazaunin AM5 na AMD ba ya karɓar RAM sai DDR5, shi kuwa LGA1700 na Intel ana samun allonsa mai DDR4, wanda zai ba mutum damar ci gaba da tsohon kayansa. A ɗaya ɓangaren, AM4 da ya fito a 2016 ya ɗauki zubi da dama, har mai tsohon allo kan sauya furosesa kaɗai.

A ƙasa irin Najeriya lissafin wuta yana da nauyi na musamman. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa. A ƙaddara ɗakin kwamfuta na jami'a mai na'ura 50, kowace tana shan ƙarin wat 100 na tsawon awa takwas: kilowat 40 ke nan a yini, wato naira 9,000 a kan wancan farashi, ban da kuɗin sanyaya ɗaki da girman inbata da baturan da za a saya. Ga kuma zafin bazara, wanda ke sa furosesa rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ta yadda saurin da aka biya kuɗinsa ba zai samu ba. AMD ya tanadi tsarin Eco Mode da ke mayar da 7950X kan wat 105 ko 65, kuma a wat 105 saurin da ake rasawa kaɗan ne idan aka kwatanta da wutar da ake tsimi. Ga ɗakin da aikinsa bai wuce rubutu da intanet da koyar da shirye-shirye ba, furosesa mai cibiyoyi shida da wat 65, irin su Ryzen 5 5600G ko Core i5-12400, ta wadatar.